Ragowar Jar Kwalba

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe 7:10 na safe

Ja 4,180. Kore 2,960.

Na sayi littafin nan ne don in rage yi wa mutane tsawa. Jiya mai gadin asibiti na yi wa, shekaranjiya wata mata a lif da ta dubi Yaya ta ce "sai haƙuri", kamar haƙurin a jakarta yake za ta sammana. Takarda dai ba ta kai ƙara.

Bari in rubuta inda muke, ko na gane shi. Yaya ta sha kemo, maganin ƙarin dajin da ke cikinta, zagaye uku. Na huɗu ranar Alhamis, 26 ga wata, kuma Likita ya ce a kansa komai ya rataya, in har jikinta zai ɗauka. Ba zafi take kuka da shi ba. Gajiya ce. Matar da ta yi shekara talatin tana taka keken ɗinki, jiya sai da ta huta sau biyu tsakanin gado da banɗaki. Taku tara ne. Na ƙirga.

Abin haushin, gajiya ce sana'ata. Shekara goma sha tara ina kula da ɗakin ɓeraye a cibiyar bincike. A wannan karon guda arba'in ne, duk an dasa musu ƙari, duk an yi musu kemo daidai su, ana gwada musu wani haɗin saiwoyi bakwai na ƙasar Sin, wanda masu maganin gargajiyarsu ke ba mutumin da jinya ta cinye wa ƙarfi. Ɓera ba ya buɗe baki ya ce na gaji, don haka kowane keji akwai ɗan wili mai mita a ciki. Su kwana suna gudu, ni in zo da safe in karanta juyi nawa suka yi.

Kwalba biyu ake kawo mini, ɗaya mai jar takarda, ɗaya mai koriya. Rabi su sha wannan, rabi su sha waccan. Lambobin da na rubuta a sama juyin masu shan ja ne da na masu shan kore. Ɗaya maganin ne, ɗaya ruwa ne da aka yi wa kala da ɗaci. Ban san wace ce wace ba, Farfesa mai binciken ma bai sani ba. Mai haɗa magani kaɗai ta sani, ta rubuta ta liƙe a ambulan, ba a buɗewa sai an gama. Dokar aikin ke nan, kuma ni ce nake koya wa sababbin ma'aikata dalilinta.

Amma ina da ido.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe 6:40 na yamma

Mijin Yaya na zaune a ƙofar ɗaki. Mai Rediyo nake kiransa, don tun da ya yi ritaya ban ga kunnensa na hagu a fili ba.

"Sarauniyar ɓeraye! Ya talakawanki?"

"Sun fi ka motsi."

"Ai su ana ba su abinci a baki."

Na wuce shi. Yaya na kwance, shayin safe na nan a gefenta ya yi fata. Ta ce, "Auta, zo ki riƙe mini kofin nan." Shekarata arba'in da takwas, ga furfura, har yau Auta. Na riƙe. Kurɓa uku ta yi ta lumshe ido, kamar wadda ta sauke buhu.

Can ta ce, "Su naki in sun gaji me kike ba su?"

Na faɗa mata. Da kwalaben, da wilin, da lambobin, duka. Ban san me ya sa bakina ba ya da birki ba.

Ta ce, "Ashe gara a haife ni ɓera." Ta yi dariya, dariyar ta ci mata numfashin minti biyu.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe 1:15 na rana

Ja 4,350. Kore 2,810.

Na tare Farfesa a bakin ofis. Na ce, "Ranka ya daɗe, jar ce maganin. Makaho ma ya gani."

Ya ce, "Malama, ke kika hana ni irin wannan maganar lokacin da nake ɗalibi." Gaskiya ne. Ni na koya masa riƙe ɓera, yana ja da baya kamar an ba shi maciji. Yanzu ya yi tumbi yana koya mini haƙuri. Ya ce ko da ita ce, daga ɓera zuwa mutum shekara goma ne.

Yaya kwana ashirin da ɗaya gare ta.

Na karanta duk abin da aka buga a kan saiwoyin nan, har da waɗanda aka fassara da ƙyar. Kowace takarda da jimla ɗaya take ƙarewa: ana buƙatar ƙarin bincike. Ina so in sami wanda ya fara rubuta jimlar nan, in sa shi ya raka Yaya banɗaki sau ɗaya.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Kowace Juma'a ake kawo sabon haɗi, a zubar da ragowar tsohon a sinki, a sa hannu. Koriyar ta bi bututu. Na sa hannu a layi biyu.

Jakata ta ƙara nauyi kaɗan. Ba wanda ya ɗaga ta.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe 5:50 na yamma

Ban yi haukan ninka rabon ɓera da nauyinta ba. Na san lissafin. Na raba yadda ake rabawa, na sake ragewa, ya zama cokali ɗaya a rana.

Ta haɗiye, ta yamutsa fuska har hular kanta ta zame. "Innalillahi! Auta, wannan ko gawa ta sha sai ta tashi ta nemi ruwa."

Na ce kada ta gaya wa Likita, kada ta gaya wa mijinta.

"Shi ko na faɗa, sai an sanar a labarai zai ji."

Ba zan bar kwalbar a gidan ba. A jakata za ta zauna, in riƙa zuwa kullum da yamma in ba ta da hannuna. Na jima yau. Na yanke mata farce, mun zagi dangi ɗaya bayan ɗaya, mun fara da ɓangaren Baba. Rabon da mu yi irin wannan zaman tun rasuwar Inna, lokacin da na gaya wa Yaya abin da na gaya mata a gaban mutane. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ni ma ba yau ba.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe 3:05 na rana

Ja 4,290. Kore 2,740.

Yau ranar musanya ce. Kanta biyu ta jera keji ke ɗakin ɓerayen, ta ja da ta kore, kuma duk Litinin ake sauya musu wuri don kada wani gefen ɗaki ya fifita wasu. Aikin awa biyu ne. Tun da aka fara gwajin nan ban yi ba, ina sauri in tafi wurin Yaya. Ɗaki ɗaya ne, iska ɗaya, fitila ɗaya. Shekara goma sha tara ina jan kanta ban ga abin da ya canza ba.

Mako mai zuwa.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe 9:20 na safe

Yau ce ranar da Likita ya ce a je gwajin jini. Na ɗauki izini a wurin aiki, na same ta zaune a bakin gado, mayafi a cinya, ta kasa yafawa.

"Auta, hawa huɗu ne, lif ɗin rabin lokaci ba ya aiki. Ga layi. Ga wannan da sai ta soke ni sau biyar kafin ta sami jijiya. In na je yau, kwana uku zan yi a kwance. Ke da kika yi karatu, dole ne?"

Ita ta tambaye ni.

Gwaji ba magani ba ne. Lamba kawai za su ba mu, ni kuwa lamba ce abincina. Ɗan ƙarfin da ta fara tarawa ba zan bari a zubar da shi a kan matakala ba. Haka na ce mata, kuma haka ne.

Ta ninke mayafin. Haka ne. Ba zan sake rubuta maganar nan ba.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe 6:15 na yamma

Tun daga ƙofar gida na ji ƙarar keke.

Na tsaya. Mai Rediyo na tsaye a bakin ɗakin, rediyon a kashe a hannunsa. A kashe! Ya ɗora yatsa a baki. Yaya na kan kujerarta tana kalmasa bakin rigar matashi, ƙafarta na takawa a hankali, kamar mai koyo. Layi ɗaya ta yi, ya karkace. Ta ɗago ta gan mu.

"Kun tsaya kuna kallona kamar an kawo biri. Auta, miƙo almakashi."

A tsakar gida ya ce mini, "Ban san me kike kawo mata a jakar nan ba, ba kuma na tambaya. Allah Ya yi miki albarka."

Na ce masa ya je ya kunna abinsa kafin kunnen ya yi mura.

Shekara goma, in ji Farfesa. Kwana shida.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe 4:25 na yamma

Layi biyu.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe 7:30 na safe

Ja 4,410. Kore 2,690. Ban musanya ba.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe 12:40 na rana

Malamar jinya ta kira. Lambata ce a katin Yaya, don ni ce mai ilimin gidan. Ta ce ba su gan mu ranar 10 ba, a zo yau ko gobe. Na ce za mu zo ranar 25, jajibirin zagaye na huɗu, a yi komai lokaci guda. Ta ce Likita ya fi so a duba yanzu. Na tambaye ta ko ta taɓa ɗaukar mace mai shekara hamsin da biyar zuwa hawa na huɗu. Na tambaye ta wasu abubuwan ma. Ta ce, "To, Hajiya," ta ajiye.

Muryar yarinya ce. Ba ta yi mini komai ba.

Jiya da nake shafa wa Yaya mai, tafin hannunta fari ne kamar takarda. Fitilar ɗakin ce. Na sha gaya wa Mai Rediyo ya canza ƙwan.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe 6:50 na yamma

Ba ta taɓa keken ba tun ran nan. Ta ce tana jin bugun zuciyarta a cikin kunne. Ta ce, "Ko za ki ƙara mini ya zama cokali biyu?"

A wurin aiki, kafin in karanta mita, sai na ɗaga ɓera na dubi ƙafarsa da kunnensa. In sun yi fari, nan take nake kiran likitan dabbobi. Ba na jiran gobe. Ban taɓa jira ba.

Na ba ta biyu.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe 2:10 na rana

A taku na huɗu ta faɗi. Muna asibiti.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe 11:30 na safe

Jininta bai kai rabin abin da ya kamata ba. Ƙarin yana tsiyayar da jini a ciki, kaɗan-kaɗan, makonni. Leda ta uku ake ƙara mata. Likita ya ce zuciyarta ta yi ta aiki da abin da babu har ta jigata.

Mutum ne mai sanyin magana, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya buɗe katin ya ce, "Ranar 10 ba ku zo ba. An kira ranar 17. Da mun gani a lokacin, leda biyu ne, ta koma gida. Me ya faru?"

Na buɗe baki. Ni da bakina ba ya da birki, sai ga Yaya ta riga ni.

Yaya ta ce, ido a rufe, "Ni na ƙi, Likita. Ƙanwata ta yi ta fama da ni. Taurin kai ne da ni kamar dutse."

Mai Rediyo ya dubi ƙasa.

Sai Likita ya tambaya ko tana shan wani abu ban da nasu. Ya ce akwai saiwoyin da ke tsinka jini, dole ya san ko da me yake faɗa. A nan dai na yi magana. Na ciro kwalbar na ajiye a kan tebur. Ya juya ta, ya ga ba komai sai jar takarda. Ya ce me ke ciki?

Na ce saiwoyi bakwai. Ya ce kin tabbata?

Ambulan ne ya tabbata, ba ni ba.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Zan rubuta wannan sau ɗaya, a jere, ba ado.

Na shiga ofishin Farfesa ƙarfe takwas. Na gaya masa na ɗauki ragowar jar kwalba Juma'a uku, na sa hannun ƙarya, na ba yayata, tana gadon asibiti, likitanta na bukatar sanin abin da ke ciki yau. Ya cire tabarau. Bai yi tsawa ba. Da ya yi, da na san yadda zan amsa.

Ya kira mai haɗa magani. Ta zo da ambulan, ta ce, "Ranka ya daɗe, saura kwana tara fa." Ya ce ta buɗe. Ba ta ma duba takardar ba, ita ta rubuta. Ni ta duba.

"Jar ba komai a cikinta, Anti. Ruwa ne, da sitaci, da ƙonannen sukari, da ɗan abin ɗaci. Koriyar ce maganin."

Na yi dariya. Wallahi na yi.

Farfesa ya ce to me ya sa masu shan ruwa suka fi gudu? Muka sauka ɗakin mu uku. Ya nemi takardar musanya kanta. Na ce babu, ban yi ba ko sau ɗaya. Ya zagaya bayan kantar kore, ya dafa bango, ya daɗe a haka. Ya ce in zo in dafa.

Bangon na karkarwa. Sabon injin wankin keji da aka kafa wata biyu da suka wuce, a bayansa yake. Daga takwas na safe zuwa biyar na yamma yake aiki, daidai lokacin barcin ɓera. Mako biyar 'yan kore ba su yi barci ba. Da na ja kantar nan ko sau biyu, da rashin barcin ya rabu daidai, da lambobin sun faɗi wani abu. Yanzu ba su faɗi komai ba. Ko saiwoyin na aiki, ko ba sa yi, ba wanda zai sani daga ɗakin nan.

Bambancin da idona ya gani, ni na ƙera shi.

Ya ce, "Malama, ba ni katin shiga. Ki je wurin 'yar'uwarki. Sauran maganar sai kwamiti ya zauna."

Na kira Likita daga bakin titi. Ya ce, "To, alhamdulillahi, ba shi ya jawo zubar jinin ba." Yana nufin ya kwantar mini da hankali. Na san ba ruwan sukari ne ya ninke mayafin ba.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Mai haɗa magani ta turo saƙo. An tsayar da gwajin, an kwantar da ɓerayen duka arba'in, kwanciyar da ba tashi. Ni ce nake yin wannan aikin kullum, don hannuna ya fi na kowa sauri, ba sa wahala. Ban tambayi wa ya yi ba.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe 3:45 na rana

Yau ce.

Na wuce ta ɗakin kemo. Kujerar da Yaya ke so, ta kusa da taga, wani dattijo ne a kai yana cin ayaba.

Likita ya kira mu ni da Mai Rediyo. Jinin ya hau, zuciyar ba ta dawo ba. Ba za ta ɗauki zagaye na huɗu ba. Na ce mako nawa za a ɗaga? Ya ce ba maganar ɗagawa ba ce. Ya ce yanzu abin da za mu sa a gaba shi ne ta ji sauƙin jikinta, a gida, cikin nata.

Na karanta jimlar nan a littattafai da yawa. Na san abin da ke shafi na gaba.

Na ce, da mun zo ranar 10 fa? Ya ce ba wanda zai iya cewa tabbas. Amsar mai ilimi ce, irin wadda da ni ma zan bayar. Mai Rediyo ya ce, "Likita, a bar ta haka." Ban san ko ni yake nufi ko maganar ba.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe 5:20 na yamma

An sallame mu jiya. Mun jawo gadon kusa da ƙofar banɗaki.

Ɗazu ta dubi jakata ta ce, "Yau babu ɗacin?"

Na zauna a ƙasa, kaina daidai da nata. Na gaya mata. Ruwa, sitaci, sukari. Bangon. Kiran malamar jinya, wanda ba ta ma san an yi ba. Tafin hannunta da na gani na ce fitila ce. Ina magana ina ƙara sauri, ina jin kaina ina tsara abin kamar rahoto, na ɗaya, na biyu, na uku.

Ta dubi jakar, ta ce:

"Ashe duk ɗacin nan na banza na sha. Ke ko ɗan zuma ba ki sa mini ba."

Na ce, Yaya, ki zage ni. Na ce ki faɗi abin da ke ranki, ki kira ni duk sunan da kika ga dama, ni na hana ki zuwa, ni na ce ki ajiye, da ban ce ba da yanzu... Ban san lokacin da na kama hannunta ina jijjigawa ba.

Ta zare hannun. Sai da ta huta kafin ta yi magana.

"Auta. In na zage ki, sai na lallashe ki. In na ce na yafe, sai kin yi mini gardama. Duk biyun aiki ne. Ba ni da ƙarfinsu." Ta ja numfashi. "Kada ki ɗora mini ke a kan abin da nake ɗauke da shi. Ki riƙe kayanki. In za ki zauna, ki zauna ki yi shiru."

Lahadi, 29 ga wata, ƙarfe 6:05 na yamma

Na zauna. Daga sha ɗaya zuwa yanzu ban ce komai ba.

Wajen la'asar ta miƙo ƙafarta ta ɗora a cinyata, ba ta buɗe ido ba. Har yanzu tana nan. Da hannu ɗaya nake rubutu.